Wahayin Mijina Daga Bakina Yake Fitowa

Mama Dorathy, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon zancena. Tsawon zancen ne ma cutar da ta kawo ni wurinki, za ki gani da idonki.

Ni manomiya ce a wani ɗan ƙauye kusa da Tsanyawa. Ba zan faɗi sunansa ba, don coci ɗaya gare mu, kuma ko tari mutum ya yi a bayan darni an san ko wane ne. Duk sunayen da zan ambata na sauya su. Matar fastonmu ce take ba ni mujallar nan idan ta gama karantawa, don haka ina fatan wannan fitowar akuya ta cinye ta kafin ta kai hannunta.

Mijina, bari in kira shi Buwai, mutum ne shiru-shiru. Ni kuwa Allah ya ba ni baki bai rage komai ba. Tun da aka kawo ni gidansa, ni ke magana, shi ke gyaɗa kai. Idan ya dawo daga gona ya ci abinci, sai ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya ya rufe fuska da malafa. Ni kuma in jawo kwaryar gyaɗa in zauna gefensa ina ɓara, ina zazzage masa duk abin da na jiyo a wurin niƙa da bakin famfo. Da minshari yake amsa mini. Ban taɓa damuwa ba, don ni dai in samu inda zan sauke kayana.

Kakan Buwai sanannen mai duba ne a yankinmu. Daga nesa ake zuwa ya zana ƙasa ya faɗa wa mutum abin da ke gabansa. Mahaifin Buwai ne ya karɓi bishara, ya kwashe kayan duban ya ƙone su a gaban jama'a. Shi kuwa Buwai, duk tsawon zamansa a coci ba a taɓa zaɓensa dattijo ba, ba a taɓa ba shi wa'azi ba. Aikinsa buga ƙarfen kiran sujada, yana kuma yi ba fashi.

Bara bayan girbi aka yi mana taron farkawa. Wani mai wa'azi ya zo daga birni da lasifika da farar kwat. Ana cikin addu'a ya ratsa mutane ya dafa kan mijina, ya ce idon da kakansa ya yi wa Shaiɗan aiki da shi, yau Allah ya wanke shi ya damƙa wa jikan. Wuri ya ɗauki ihu. Kowa yana mamakin yadda baƙo ya san zancen kakan. Ni ma na yi mamaki, har na yi hawaye. Sai da muka koma gida na tuna cewa ni aka sa in kai wa baƙon tuwo da rana, kuma kafin ya wanke hannu na ba shi tarihin kowane gida a ƙauyen.

Ban gaya wa kowa ba. Mijina ya dawo gida yana tafiya kamar an ƙara masa tsawo, ban ga dalilin rage masa ba.

Ba a daɗe ba tunkiyar wani maƙwabcinmu mai suna Baƙo ta ɓata. A wurin niƙa na ji cewa wata mata Furera, a ƙauyen da ke gabas da mu, ta tsinci tunkiya ta ɗaure a gindin kuka tana jiran mai ita. Na zo na faɗa wa malafar mijina kamar kullum, na ce gobe zan leƙa gidan Baƙo in sanar da su. Da yamma a taron addu'ar Laraba sai ga Buwai ya miƙe ya ce an nuna masa a mafarki tunkiya ɗaure a gindin kuka ta gabas. Aka je aka same ta. Mai tunkiyar ya kawo mana kaza.

Mama, na ci kazar. Har ƙashi na tauna.

Bayan wannan sai zancen cikin wata amarya. Na ga tana toshe hanci idan an buɗe daddawa, na zo na yi sharhi. Ranar Lahadi mijina ya ce Ubangiji ya nuna masa jariri a gidan su wane. Da cikin ya fito aka yi ta ba da shaida. Daga nan fa aka fara sallama a ƙofarmu. Wannan yana so ya san ko ɗansa zai samu aiki a birni, wancan ko ya shuka gero ko dawa a sabuwar gonarsa, wata ko wa ya sa mata ciwon ƙafa. Ba mai zuwa hannu wofi, ko ƙwai, ko kwanon wake. Aka daina ce mini matar mai ƙarfe, na koma matar bawan Allah. A zumuntar mata har kujera mai jingina ake ba ni.

Na so in tabbatar ko zato nake yi, sai na gwada. Wata rana ina ɓarar gyaɗa na ce da malafar, a hankali, mutumin da matarsa ke zuwa coci da zane ɗaya kullum, da wuya albarka ta zauna a gidansa. Ranar kasuwar Tsanyawa sai ga shi da atamfa a leda, fuskarsa a ɗaure, ya ce an tsawata masa a mafarki a kaina. Maimakon tsoro ya kama ni, sai na je wurin tela. Ban tsaya nan ba. Rufin madafata da ya shekara yana yoyo, aka yi wahayi a kansa. Zuwa ganin mahaifiyata da nake ta roƙo, shi ma aka yi wahayi. Abin da na yi shekaru ina nema da baki ban samu ba, sai na gano cewa idan ya bi ta barci yana isa. Na riƙa yi wa kaina dariya a madafa, ina cewa ashe mijina yana jin maganata, sai dai ya ɗauka ta Allah ce.

Har yau ban san gaskiyarsa ba. Wani lokaci ina ganin da gaske barci yake, maganar ta shige masa kunne ta zama mafarki. Wani lokaci kuma in ga yatsan ƙafarsa ya daina motsi daidai lokacin da labari ya yi daɗi.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Akwai wata yarinya a cocinmu, Leah, matar Japhet. Sun daɗe da aure ba haihuwa, kuma ita ba mai shiga mutane ba ce. A kasuwa na gan ta ta hau bayan babur ɗin wani mutum mai hula da ban sani ba, ta ja gyale ta rufe fuska. Wata ranar kasuwar na sake ganinsu. Wallahi wannan karon ban yi niyyar aika saƙo ba. Bakina ne kawai ya yi abin da ya saba. Na faɗa har da launin gyalen, na ƙara da cewa masu shirun nan su ake tsoro.

Lahadi tana zuwa mijina ya miƙe a tsakiyar sujada, ya ce akwai mace a cikinmu mai ɓoyayyen zunubi, an nuna masa ita a bayan babur da shuɗin gyale, ta tuba tun ƙofa tana buɗe. Bai kira suna ba, amma mace ɗaya ce da shuɗin gyale a cocin ranar. Na ga lokacin da kawuna suka juya. Na ga Leah ta kama bencin gabanta. Fasto ya yi maza ya ta da waƙa, amma an riga an gama.

Kafin rana ta faɗi Japhet ya mayar da ita gidan iyayenta. Daga baya gaskiya ta fito mini ta bakin mahaifiyarta. Mai babur ɗin Basiru ne, ɗan yayar uwar. Ɓangarensu Musulmi ne, suna zaune wajen Minjibir, shi ya sa ban san fuskarsa ba. Asibiti yake kai ta a kan maganar haihuwa. Ta ɓoye wa Japhet ne don duk ranar da ta ambaci asibiti sai ya yi fushi, yana gudun a ce shi ma a duba shi. Leah ta yi bayani, Basiru ya zo da kansa ya rantse. Japhet ya ce shi da wa zai yarda, da ɗan acaɓa ko da Allah? Danginsa sun ce ba za ta dawo ba sai ta tsaya gaban ikilisiya ta furta zunubinta. Ita kuma ta ce ba za ta furta abin da ba ta yi ba.

Na yi ƙoƙarin gaya wa mijina. Na kira shi da sunan ɗanmu, na ce baban Levi, ba ka lura duk abin da ake nuna maka ni na fara faɗarsa ba? Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce an riga an gargaɗe shi cewa magabci zai bi ta cikin gidansa don ya kashe baiwar. Ya tashi ya bar abincinsa, abin da ban taɓa gani ba.

Sai na kama bakina. Ina ɓarar gyaɗa shiru kamar mai takaba, har maƙwabta suna tambaya ko haƙori ke damuna. Wahayi kuwa ya ɗauke ƙaf. Mutane suna zuwa, ba shi da abin faɗa. Yanzu azumi yake yi, yana kuka yana tambayar Allah laifin da ya yi aka rufe masa ido. Ya rame, wandonsa sai da igiya. Fasto ya hana shi magana a sujada, wasu kuma suna zuga shi wai hassada ce, ya buɗe gidan addu'a a tsakar gidanmu.

Shekaranjiya mahaifiyar Leah ta zo. Tsohuwa ce, ta girme ni nesa. Ta durƙusa mini a ƙofar madafa da ƙwai a ƙullin zane, ta ce, "'Yata, ke yake jin maganarki. Ki roƙe shi ya sake tambayar Allah, ko an yi kuskuren gyale." Na rasa inda zan sa fuskata. Ban karɓi ƙwan ba, amma ban faɗa mata gaskiya ba.

Mama, idan na tona, na kunyata mijina a gaban garin da bai taɓa ganin girmansa ba sai yanzu, kuma ban san ko aurena zai tsaya ba. Idan na yi shiru, auren Leah ya mutu da sunanta. Har na yi tunanin in sake zama gefen tabarmar in raɗa masa cewa Leah ba ta da laifi, a yi sabon wahayi kowa ya huta. Shin wannan ba zai wadatar ba? Ki gaya mini abin yi.

Taki,
Mai Ɓarar Gyaɗa

*

'Yar'uwata Mai Ɓarar Gyaɗa,

Na yi dariya a farkon wasiƙarki har na cire tabarau. Da na kai kan Leah na daina. Ina jin ke ma haka abin ya zo miki.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na ga ita ce ta fi jan hankalinki. A'a, kada ki raɗa masa komai. Idan sabon mafarki ya wanke Leah, kin ƙara wa garin tabbacin cewa mutuncin mace yana rataye ne a barcin mijinki. Yau ya wanke ta, gobe ya shafa wa wata. Kuma kin sake sa wa Allah magana a baki, wannan karon da cikakken saninki.

Abin da ke faruwa a ƙofar gidanku yana da suna. Mutum ya zo da kaza ko ƙwai don a faɗa masa ɓoyayyen abu, ko wa ya sa masa ciwo, ko me gobe za ta kawo, wannan duba ne. Ko an buɗe da addu'a an rufe da amin, duba ne. Surukinki ya ƙone kayan, amma ƙishirwar da ke kai mutane wurin mai duba ba ta ƙone ba, ta sake tufafi ne kawai. Maganar Allah ta ja kunnen mai zuwa tambaya, ta kuma ja kunnen mai cewa Ubangiji ya faɗa alhali bai faɗa ba, kuma jan kunnen na biyu ya fi zafi. Ba a ce mana Allah ba ya magana da mutanensa ba. An ce mu gwada kowace magana, mu dubi abin da ta haifa. Wannan ta haifi tozarta marar laifi a tsakiyar sujada. Ko da Leah ta yi laifin ma, ba haka aka koya mana gyara ɗan'uwa ba. A keɓe ake farawa.

Ban ɗauki mijinki maƙaryaci ba. Na fi ganin mutum ne da ya daɗe a bayan layi, rana ɗaya aka ce masa shi ma wani ne. Mai yaudara da gangan ba ya azumi har ya rame don wahayi ya ɗauke, sai ya ƙirƙiro wani. Amma na yarda da ke cewa wani sashe na zuciyarsa ya sani, shi ya sa ya bar abincinsa lokacin da kika taɓa wurin. Ke kuma kin san naki. Tsegumi ɗaya ne, saƙon atamfa da rufin madafa wani ne daban, don wannan da gangan kika yi. Na fahimci gajiyar macen da sai ta bi ta mafarki kafin a ji ta, kuma wannan magana ce da ku biyu za ku zauna a kanta wata rana. Amma ba ita ce ta gaggawa ba.

Ki sake yi masa magana, yana zaune, idonsa biyu, ba a kan tabarmar nan ba. Wancan karon kin fara da nasa, shi ya sa ya toshe kunne. Wannan karon ki fara da naki. Ki gaya masa tuwon da kika kai wa baƙon mai wa'azin nan da abin da kika faɗa. Ki ɗauko atamfar ki ajiye a gabansa, ki maimaita masa kalmomin da kika raɗa. Zai yi wuya ya ce magabci ne ya ɗinka ta. Ki gaya masa Allah bai yashe shi ba, ke ce kika yi shiru, ya sha ruwa ya ci abinci. Sannan ki ce za ki je wurin fasto, kina so ku tafi tare. Idan ya ƙi, ki tafi ke kaɗai, amma da saninsa. Kada ki jira mujallar nan ta riga ki isa gidan fasto. Gara su ji daga bakinki.

Maganar da aka yi a gaban ikilisiya, a gaban ikilisiya ake janye ta. Mijinki ne ya kamata ya tsaya ya ce abin da ya faɗa ba daga Allah ba ne, ke kuma ki tsaya kusa da shi ki ce daga gare ki ya fito. Ba sai an kawo zancen zane da madafa a can ba, wannan na cikin gida ne. Zancen asibiti kuwa sirrin Leah ne. Kada ya fita daga bakinki ko a coci ko a wurin niƙa sai da izininta. Abin da za ki ce kawai shi ne kin ga mace a kan babur ɗin ɗan'uwanta, kika ƙara gishiri. Japhet kuma a bar wa fasto da dattawa. Suna da aiki a kansa, don mutumin da ya fi saurin gaskata zargi a kan ya taka zuwa asibiti yana bukatar mai zama da shi.

Ba zan ɓoye miki ba, za a yi muku dariya. Za a sa muku suna, kujerar nan mai jingina za ta koma wurin wata. Mijinki zai iya yin kwanaki ba ya kallonki. A lokacin nan ne zai fi bukatarki, don haka kada ki shiga cikin masu dariyar, ko da wasa. Masu zuwa da ƙwai a sallame su da addu'a, su koma da ƙwansu. Mai ciwon ƙafa a nuna mata hanyar asibiti. Zancen gidan addu'a a tsakar gida kuwa a rufe shi tun bai tsiro ba. Ki roƙi fasto kada ya yar da mijinki bayan wannan. Mutumin da zai iya tsayawa gaban gari ya ce na yi kuskure, irinsa ake nema a aikin ikilisiya.

Bayan kin gama da mijinki da fasto, kafin ranar Lahadi, ki taka da ƙafarki zuwa gidan iyayen Leah. Kada ta fara ji a cikin taro. Ki durƙusa wa tsohuwar nan, ki faɗi abin da kika yi a taƙaice, sannan ki yi shiru ki saurari duk abin da za su ce. Wataƙila Leah ba za ta yafe miki a ranar ba. Wataƙila ma ta ce ba za ta koma gidan Japhet ba ko an zo biko. Wannan nata ne, kada ki matsa mata don ke ki samu sauƙi. Abin da ke wuyanki shi ne ki mayar mata da sunanta.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya tausasa zuciyar maigidanki, ya share wa Leah hawaye, ya ba ta abin da take nema. Ina yi muku addu'a, ku duka.

Mama Dorathy